Tsakanin Mai Gireda da Mai Rola

Hanyoyin mota na farko a Arewa a ka aka ɗauko ƙasarsu. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suka buƙaci hanyoyin da za su kai gyaɗa da auduga tasha, sai aka ɗora wa hakimai da dagatai nauyin tara mutane. Kwando da diga da shebur su ne kayan aikin. Ana iya tara ɗaruruwan majiya ƙarfi wuri guda, amma babu wanda ya zo da son ransa, babu kuma wanda ya damu ko abin da ya zuba zai kai baɗi. A Nijar ma haka aka sha, har sai da dokar 1946 ta soke aikin tilas a yankunan Faransa. Masu cewa mutanen da sun fi mu haɗin kai a aikin hanya, to ba a wannan zamanin ba.

Abin da ya fara kama da ƙungiya shi ne tsarin ma'aikatar ayyuka ta gwamnati, wato PWD, da sashen ayyuka na En'e. Ana ba helma leburorinsa na dindindin, a yanka masu wasu milamilai, a yi masu sansani a bakin hanya. Su ne masu cike rami tun yana ƙarami, su ne masu yashe magudana da kwalbati kafin ruwan farko. Na tarar da ragowar dattawan wannan tsari a ma'aikatar ayyuka, kuma a wurinsu na koyi rabin abin da na sani. Ba su da injuna, amma sun san juna, sun san hanyarsu. In wuri ya lalace, kowa ya san rabon wa ne, kuma kunyar ta ishi mai shi.

Kuɗin man fetur na shekarun 1970 suka mayar da aikin hannun 'yan kwangila. Kamfanin Julius Berger ya riga ya shigo tun 1965 da aikin gadar Eko a Legas, na gida irin su Dantata & Sawoe suka taso. Mutane suka ɗauka katafila ta rage buƙatar haɗin kai. A zahiri ƙara ta ta yi.

Dubi yadda ake shimfiɗa marmara. Safiyo ya kafa turakunsa, tifa ta juye, mai gireda ya baje da kaurin kamar santimita 15, tankar ruwa ta yayyafa, mai rola ya danne. Marmara ba ta dannuwa sai da laima daidai gwargwado: in ruwa ya yi yawa ta caɓe, in ya yi kaɗan ta ƙi kamawa. A zafin watan Maris, in mai rola ya makara da rabin sa'a, ruwan ya tafi. Zai iya bi sau goma, ido ya ga wuri sumul, amma ciki fanko. Kwalta ta fi haka rashin haƙuri. Tana barin injin dafawa da zafin da ya kai kusan digiri 150, kuma dole a shimfiɗa a danne kafin ta huce. Direba ɗaya ya tsaya cin abinci a hanya, lodin ya tashi a banza, ko kuma, abin da ya fi muni, a shimfiɗa shi haka nan.

Nan ne ake gane ƙungiya. Yaron ɗakin gwaji, wanda albashinsa bai kai rabin na fomal ba, shi zai auna ya ce wannan shimfiɗar ba ta dannu ba, a kankare a sake. Inda ake jin maganarsa, titi yana daɗewa. Inda ake ce masa ya yi shiru don ana jiran takardar biya, damina biyu ta isa ta tona asiri. Ni a ganina babu jami'in da ya fi shi muhimmanci a fili, kuma babu wanda aka fi rainawa.

Mutanen gari ma 'yan ƙungiya ne, ko da sunansu ba ya cikin takardar albashi. Tsohon manomi ya san inda ruwa yake bi shekarar da aka yi ambaliya, abin da taswira ba lalle ta nuna ba. A ƙasar firgi ta Borno, wajen Dikwa da Gamboru, inda laka ke kumbura da damina ta tsage da rani, injiniyan da bai zauna da su ba ya sha wuya. In kuma ba a biya diyyar gonaki da gidaje ba, injuna sai su kwana a tsaye.

Abin da ya fi wargaza mu a 'yan shekarun nan shi ne yankewar kuɗi. An raba aikin tagwaita hanyar Kano zuwa Maiduguri kashi biyar a 2006, kowane kashi da kamfaninsa, aka shafe fiye da shekara goma ana yi, ga ƙarancin kuɗi, ga rashin tsaro a gabas. Gwamnati ta sha neman mafita: asusun kuɗin man fetur na PTF a zamanin Abacha, hukumar FERMA a 2002 don gyare-gyare, sai takardun lamuni na Sukuk na naira biliyan 100 a 2017 da aka raba wa hanyoyi 25. Sukuk ya taimaka ƙwarai, domin kuɗin a ɗaure suke da aikin.

Sai dai kuɗi suna dawo da injuna cikin mako guda, ba sa dawo da mutane. A wani aiki da na yi, da aka tsaya wata da watanni, mai giredanmu ya koma haƙar yashi, safiyo ya tafi kudu, leburori suka koma gona. Da aka dawo sai aka ɗauki sababbi, kowa gwani a fanninsa, amma mai tanka bai san saurin mai rola ba, fomal bai san wanda zai amince wa ba. Rani guda muka ci muna kankare abin da muka shimfiɗa kafin hannu ya daidaita.