Gidan Zuhudun Compiègne: Kafuwarsa, Rushewarsa da Sake Tashinsa

A shekarar 1641 wasu sistocin Katolika 'yan ɗariƙar Karmel suka kafa gidan zuhudu a Compiègne, wani gari da ke arewacin birnin Paris. Ƙa'idarsu mai tsanani ce: ba aure, ba mallakar dukiya, ba fita waje, sai addu'a da aikin hannu. Da yake akwai fadar sarki a garin, matan gidan sarautar Faransa kan ziyarce su, su tallafa musu. Haka gidan ya yi shekara kusan 150 cikin kwanciyar hankali.

Sai juyin juya halin 1789 ya zo. Sabuwar gwamnati ta haramta alkawarin zuhudu, ta aiko jami'anta suka yi wa kowace sista tayin ta koma gidan iyayenta. Suka ƙi. A watan Satumba na 1792 aka kore su, aka ƙwace gidan, aka hana su sa tufafin ɗariƙarsu. Suka rabu gida huɗu a cikin gari, amma ba su fasa ibada ba, ƙarƙashin shugabarsu, Uwa Teresa ta Waliyyi Augustine. A Yunin 1794 aka kama su, a Yuli aka kai su Paris. Ranar 17 ga Yuli aka yi musu shari'a, aka fille kawunan su 16 a yammacin ranar, suna tafe suna waƙar yabon Ubangiji. Kwana goma bayan haka Robespierre, jagoran mulkin ta'addanci na wancan lokaci, ya faɗi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda labarin ya tsira. Sista Marie de l'Incarnation ba ta gari ranar kamun, ita ce ta rubuta abin da ta sani game da 'yan'uwanta. Ba domin alƙalaminta ba, da yawancin labarin ya bi su kabari. A 1867 aka sake kafa gidan, a 1992 ya koma ƙauyen Jonquières. Paparoma Pius na 10 ya sanya su cikin masu albarka a 1906, Paparoma Francis ya ayyana su waliyyai a Disambar 2024. Marubuta ma suka ɗauki labarin, har Francis Poulenc ya mai da shi opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa, aka fara nuna shi a Milan a 1957.

Wannan labari ya shafe mu, domin mutanen Bahuli da sauran ƙasar Mubi ba baƙin irin wannan tashin hankali ba ne. A Oktoban 2014 Boko Haram ta kama Mubi, aka ƙona majami'u, Kirista da Musulmi suka bazama duwatsu da Kamaru. Waɗanda suka ga abin da idonsu suna nan da rai. Malamanmu da ɗalibanmu, ku zauna da su, ku rubuta shaidarsu tun suna iya ba da ita.