Wilson Popenoe da Tarihin Inganta Fiya

Wilson Popenoe masanin aikin gona ne ɗan Amurka wanda sunansa ya haɗu da tarihin fiya, wadda wasu ke kira abokado. An haife shi a garin Topeka na jihar Kansas a 1892, ya tashi a Kalifoniya, inda mahaifinsa ke da gandun renon itatuwa a Altadena. Wannan gandu ne ya aika mutum zuwa Meziko a 1911, aka samo reshen wata bishiya daga garin Atlixco. Da mugun sanyin 1913 ya ƙone yawancin fiyar Kalifoniya, ita ta tsira, aka raɗa mata suna Fuerte, ta kuma riƙe kasuwa shekaru da dama kafin irin Hass ya karɓe ta.

Tun yana saurayi, Popenoe da wansa Paul sun je Iraƙi da Arewacin Afirka sayo tsiron dabino domin dasawa a Kalifoniya. A 1913 Ma'aikatar Gona ta Amurka ta ɗauke shi aikin nemo tsirrai a ƙasashen waje, ƙarƙashin David Fairchild.

Fiya tana da hali irin na mangwaro: in ka shuka ƙwallonta, ba lalle ba ne ta haifi irin uwarta. Wanda ke son iri mai kyau sai ya nemo bishiyar kanta, ya yanko reshenta, ya aura shi a kan wata. Abin da ya kai Popenoe Guwatemala ke nan a 1916 da 1917. Ya ratsa tsaunukan ƙasar a kan doki, yana shiga kasuwanni yana ɗanɗana fiya, in ya ci karo da mai daɗi sai ya bi sawunta har gidan da bishiyar take. Yana duba kaurin ɓawo, da yawan mai, da ƙanƙantar ƙwallo, da lokacin nuna, da yadda bishiya ke jure sanyin tudu. Wahalar ba ta ƙare a nan ba, domin dole rassan su isa Washinton da ransu bayan doguwar tafiya a jirgin ruwa, kuma da yawa sukan mutu a hanya. Ya tura iri fiye da 20, ya sa musu sunayen Maya kamar Nabal da Benik da Itzamna.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce, ba Popenoe ya ƙirƙiri waɗannan iri ba. Manoman Maya ne suka yi ta zaɓe tun kaka da kakanni, suna barin bishiya mai kyau a bayan gida suna sare maras amfani. Nasa shi ne idon gane mai kyau, da haƙurin rubuta siffar kowace bishiya dalla-dalla. Littafinsa na 1920 kan 'ya'yan itatuwan ƙasashe masu zafi ya daɗe yana hannun ɗaliban noma.

A 1925 ya koma kamfanin ayaba na United Fruit, ya kafa lambun gwaji na Lancetilla kusa da Tela a Honduras, inda aka tara tsirrai daga nahiyoyi daban-daban, har da kwakwar manja ta Afirka. Kamfanin yana da mummunan tarihi a yankin, na mallake filaye da hannu a juyin mulkin Guwatemala na 1954, kuma ba a raba aikin Popenoe da kuɗin wannan kamfani.

Da kuɗin kamfanin aka buɗe makarantar noma ta Zamorano a Honduras a 1942, Popenoe ne shugabanta na farko har zuwa 1957. Tsarinsa shi ne ɗalibi ya koya da hannunsa: rabin yini a gona, rabi a aji. Makarantar tana nan har yau, tana yaye ɗalibai daga ƙasashen Latin Amurka. Popenoe ya rasu a 1975 a birnin Antigua na Guwatemala, kuma tsohon gidan da shi da matarsa Dorothy suka gyara a can ya zama gidan tarihi.