Kamba: Arzikin Bakin Iyaka

Mu da muka yi wayo a harkar fito a Kamba mun gaji sana'ar da ta girmi iyakar kanta. Tun kafin Bature ya ja layi tsakaninmu da Gaya ta Nijar, fatake ke ratsa ƙasar Dandi da gishirin Foga da kanwa, su haye Kwara ta wajen Illo su nufi Gwanja sayen goro. Da layin ya zo, sai ya haifi wani sabon abin sayarwa, wato bambancin farashi. Abin da ke da tsada a nan yana da araha a can, tsakani kuwa tafiyar babur ce.

A kan wannan bambanci garin ya ginu. A da, Nijeriya ta hana shigo da kaya, Jamhuriyar Benin ta sauke su a tashar Kwatano, su hauro Malanbil, su ƙetare gada zuwa Gaya, su kwana a Kamba: shinkafa, gwanjo, atamfa, sigari. Mu kuma a wancan lokaci mu tura fetur mai tallafi a jarka. Ta ɓangaren Bagudo, hanyoyin Tsamiya da Lolo suna yin irin wannan aiki. Darajar sefa ce ke faɗa mana ko kasuwa za ta ci. Da aka karya ta a Janairun 1994, kayan Nijeriya suka yi wa maƙwabta tsada dare ɗaya.

An samu kuɗi, ba musu. Amma a duba hannun da suka tsaya. Mai tirela ya yi bene ya je Hajji; ɗan dako da ɗan kabu-kabu suka samu na cefanen yini. Shekaru aka kwashe kaya na wucewa ba tare da sun bar wa yaran gari sana'ar da za ta tsaya da ƙafarta ba.

Abin da na ga ya taɓa talaka da gaske shinkafa ce 'yar gida. Ranar 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin noma na Anchor Borrowers na Babban Banki a Birnin Kebbi. A ƙarshen 2016 aka fito da Lake Rice, haɗin gwiwar Kebbi da Legas, sannan masana'antar WACOT ta buɗe a Argungu a 2017. Bashin ya sha suka, kuma da dalili: wasu da ba su taɓa riƙe fartanya ba sun karɓa, da yawa ba su biya ba. Duk da haka, manomin fadama ya samu mai sayen shanshera da kuɗi hannu, ya sayi injin ban ruwa, ya yi noman rani bayan na damina. Mata masu turara shinkafa su ma suka samu abin juyawa. Kuɗi ne da ke shiga gida-gida, ba aljihu ɗaya ba.

Sai gwamnati ta ɗauka rufe ƙofa shi ne taimakon manomi. An rufe iyaka a Agustan 2019, aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Manomin da ake karewa shi ne ya koma sayen man injinsa a hannun 'yan bumburutu. Manyan 'yan sumoga kuwa farashin hanya kawai suka ƙara. An buɗe iyakar Illela a Disamban 2020, Kamba sai Afrilun 2022. Ba mu gama numfasawa ba aka cire tallafin mai a Mayun 2023, juyin mulkin Nijar na Yuli ya sake jawo rufewa har Maris 2024.

Masu tsara manufa a Abuja su taimaka su zo su ga fadamar nan da rani. Man injin ban ruwa, taki a kan kari, da hanyar fitar da buhu daga gona sun fi kowane shingen kwastan amfani ga talakan Dandi da Bagudo.