Na'urar auna sukari da ake liƙawa a jiki

Ƴar na'ura ce kamar babban maɓalli, mai ciwon sukari yana liƙa ta a damtse ko a ciki. Siririn zarenta na shiga ƙarƙashin fata, yana awo dare da rana, sakamakon ya fito a salula. FreeStyle Libre tana yin kwana 14, Dexcom G6 kwana 10, sai a canza.

Wasu suna yin ƙara in sukari ya faɗi ƙasa da 0,70 g/L, ko mutum na barci. Amma awonta na bin bayan na jini da ƴan mintoci. In jiki ya ƙaryata lamba, a huda yatsa a tabbatar.

Ƴan'uwa na ƙetare, muna roƙonku: kafin ku aiko wa tsoho, a tambayi likitansa, ku lissafa kuɗin canji. Awo take yi, ba magani ba ce.