Yadda Yaƙi Ya Ɓata Sunan Sake, da Yadda Japan Ke Neman Gyara Shi

A ranar 10 ga Oktoba, 1964, ranar da aka buɗe gasar Olamfik a Tokyo, kamfanin Ozeki ya fito da sake a cikin ƙaramin kofin gilashi mai murfi, wanda ke ɗaukar mililita 180. Sake giya ce da Japanawa suka shafe ɗaruruwan shekaru suna haɗawa da shinkafa da ruwa da yisti da wata fumfuna da suke kira koji. Manufar Ozeki ita ce jawo matasa. Kofin ya karɓu ƙwarai, amma da tafiya ta yi nisa sai ya zama alamar dattawa da leburori a tashar jirgin ƙasa.

Cinikin sake ya kai ƙololuwa a 1973, lokacin da aka sayar da kimanin kilolita miliyan 1.7. Daga nan ya yi ta ja baya, har yau bai kai sulusin wancan adadi ba. An saba ɗora laifin a kan biya da wiski da giyar inabi, amma tushen matsalar ya girme su.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu shinkafa ta yi ƙaranci, sai gwamnati ta yarje wa masana'antu su riƙa ƙara tatacciyar barasa don kaya su yi auki. Bayan yaƙin aka ƙara da sukari da kayan ɗanɗano, har abin da ake samu daga shinkafa ya ninka uku. Wannan gauraye, sanzoshu, dabara ce ta lokacin yunwa, amma riba ta sa ya daɗe bayan yunwar ta wuce, sai a 2006 doka ta cire shi daga jerin abin da ake kira sake. Saboda haka abin da matasan shekarun 1970 suka guje wa, suna ganinsa kayan kakanni, baƙo ne da yaƙi ya kawo.

Farfaɗowar ta soma daga ƙananan masana'antun karkara. Koshi no Kanbai ta yankin Niigata ta yi suna da ɗanɗano marar nauyi, sannan a shekarun 1980 aka yi yayin ginjo, wadda ake surfe shinkafarta sosai don ta ba da ƙamshin 'ya'yan itace. A 1992 aka kammala soke tsohon tsarin darajoji da ke tafiya da haraji, aka koma bayyana wa mai saye irin surfen da kayan haɗin.

Hiroshi Sakurai, wanda ya gāji wata masana'anta da ke dab da durƙushewa a Yamaguchi a 1984, ya kai wannan tunani maƙura. Ya fito da Dassai 23, wadda ake surfe ƙwayar shinkafarta har sai kashi 23 cikin ɗari ya rage. Da babban gwanin haɗinsa ya bar aiki a ƙarshen shekarun 1990, bai nemi wani ba. Ya danƙa aikin ga ma'aikata masu bin ma'auni da lissafi, suna aiki duk shekara maimakon lokacin sanyi kaɗai. A 2023 kamfanin ya buɗe masana'anta a jihar New York ta Amurka.

Wasu sun bi ta hanyar sauƙaƙawa. Ichinokura ta fito da Suzune mai kumfa a 1998, Takara kuma ta fito da Mio a 2011, dukansu da barasa kashi 5 cikin ɗari, alhali sake ta gama-gari tana da kusan kashi 15. Shi kuwa Yusuke Sato na Aramasa a Akita baya ya koma: ya daina ƙara barasa, ya dawo da gangunan katako da tsohuwar hanyar kimoto, ya zuba sakamakon a kwalabe masu zanen zamani. Matasa suka yi ta rububinsu.

Gwamnati ma tana da ruwa da tsaki. Wajen 1900, harajin giya ya kai kusan sulusin harajin da Japan ke tarawa. A 2022 hukumar haraji ta ƙasa ta shirya gasar Sake Viva! don samo dabarun jawo matasa ga giya, aka kuwa yi mata ca, ana tambayar dalilin da zai sa hukuma ta damu don matasa sun rage sha.

A Disamba 2024 UNESCO ta sanya fasahar haɗa sake da koji cikin jerin al'adun duniya. Kasuwar waje ta faɗaɗa, musamman Amurka da Sin, amma ta gida tana ci gaba da tsukewa yayin da al'umma ke tsufa. Sunan da yaƙi ya ɓata ya gyaru. Sai dai yawancin sababbin masu sha suna sayen kaɗan ne mai tsada, kuma wannan ba zai riƙe kowace masana'antar ƙauye ba.