Yadda Iyayen Sabon Ibadan Suka Yi da Yaro Mai Ƙiwa

Kukan da iyaye ke yi yau, wai yaro ba ya son Islamiyya, ba ya son zaman shago, ai ba sabon abu ba ne. Bari mu waiwayi yadda magabatanmu na Sabon Ibadan suka yi da nasu yaran.

A 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Ibadan, bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Shanu na gangarowa Kudu, goro na hawa Arewa. Yawancin cinikin nan bashi ne, ba takarda ba sa hannu. Maigida ne ke tsaya wa baƙon da ya kawo shanu, mahauci ya ɗauka, a biya bayan kwanaki. Kun ga sana'a irin wannan ba ta yiwuwa sai da mutanen da aka hora tun suna ƙanana a kan gaskiya da haƙuri.

To ina aka hore su? A makarantar allo. Daga Asabar zuwa Laraba yaro na gaban malam, safe da yamma, Alhamis da Juma'a hutu. Ya fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, sannan ya kama surori. In ya tashi, a tura shi tsintar goro da taya ɗaurin huhu. Wane yaro ne ke son haka alhali tsaransa na wasa? Babu. Amma uba ba ya tambayar ra'ayinsa.

Sai dai kada a ɗauka bulala kaɗai ta yi aikin. Akwai dabara. Uwa kan ba shi kuɗin Laraba ya kai wa malam da hannunsa. In ya kai wata sura a yi sadaka, yara su ci albarkacinsa. Ran sauka kuwa a ɗinka masa riga, a yi walima, unguwa ta taru. Wato yaro na hango ladan wahalarsa a gaba, kuma ba shi kaɗai ke sha ba, duk sa'o'insa na tare da shi.

Inda aka yi sako-sako shi ne boko. A 1955 gwamnatin Awolowo ta kawo ilimin firamare kyauta a Jihar Yamma. Maƙwabtanmu Yarabawa suka tura 'ya'yansu, masu kuka ma aka ja su. Yawancin iyayen Sabo suka ja baya, don tsoron kada yara su bar addini da harshe. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya yi bincike a Sabo a farkon shekarun 1960, ya tarar kaɗan ne ke zuwa boko. Har aka zo UPE ta 1976 ana wannan ja-in-ja. Da ciniki ya koma na banki da takarda, sai ga jikokin manyan fatake na neman wanda zai karanta musu wasiƙa.

Saboda haka, Alhaji da Hajiya, ƙiwar yaro ba hujja ba ce ta ƙyale shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A raka shi makaranta, ta allo da ta boko, a san malaminsa, a yaba masa in ya yi ƙoƙari, a bar duka ya zama na ƙarshe. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.