Muhawarar dimokuraɗiyya a zamanin mulkin Bola Tinubu

Muhawarar dimokuraɗiyya a zamanin mulkin Bola Tinubu ta ƙunshi jerin taƙaddamomin siyasa da na shari'a da suka taso a Najeriya tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da aka rantsar da Bola Ahmed Tinubu na jam'iyyar APC a matsayin shugaban ƙasa, tare da mataimakinsa Kashim Shettima. Najeriya tana ƙarƙashin mulkin farar hula ba yankewa tun 1999, kuma ana yin zaɓe duk bayan shekara huɗu. Abin da ake jayayya a kai shi ne ko waɗanda ke da alhakin taka wa gwamnati birki, wato majalisa, kotuna, jam'iyyun adawa, 'yan jarida da masu zanga-zanga, suna samun damar yin aikinsu. Masu suka suna cewa iko na taruwa a hannun fadar shugaban ƙasa da jam'iyya ɗaya. Gwamnati da magoya bayanta suna musanta hakan.

Zaɓen 2023

An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 25 ga Fabrairu, 2023. Hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, a ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu, ta bayyana sakamako ranar 1 ga Maris. Tinubu ya sami ƙuri'u 8,794,726, Atiku Abubakar na PDP ya sami 6,984,520, Peter Obi na LP ya sami 6,101,533, sai Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP mai 1,496,687. Cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, kimanin kashi 27 cikin 100 ne suka kaɗa ƙuri'a, adadi mafi ƙanƙanta tun 1999.

Babban ƙorafin 'yan adawa shi ne INEC ta yi alkawarin ɗora sakamakon kowace rumfa a shafinta na IReV nan take, amma hakan bai samu ba a zaɓen shugaban ƙasa. Hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce. Atiku da Obi sun kai ƙara, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta yi watsi da ƙarar ranar 6 ga Satumba, 2023, sannan Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar Tinubu ranar 26 ga Oktoba.

Tsadar rayuwa da zanga-zangar Agusta 2024

A jawabinsa na ranar rantsuwa Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka bar kasuwa ta riƙa tsayar da darajar naira. Litar fetur da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta kai kimanin naira 500 cikin kwanaki kaɗan, ta kuma haura naira 1,000 a Oktoba 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamba 2024, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa.

Daga 1 zuwa 10 ga Agusta, 2024, aka yi zanga-zanga mai taken #EndBadGovernance, wato a kawo ƙarshen mummunan mulki. Ta fi zafi a Arewa, inda a wasu wurare aka yi ƙone-ƙone da wawashe kaya, wasu masu zanga-zangar kuma suka ɗaga tutar Rasha. Jihohi irin su Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Kaduna da Katsina sun sa dokar hana fita. A rahoton da ta fitar a Nuwamba 2024, ƙungiyar Amnesty International ta ce 'yan sanda sun kashe aƙalla mutum 24 a jihohin Borno, Kaduna, Kano, Katsina, Jigawa da Neja, an kuma tsare fiye da 1,200. Rundunar 'yan sanda ta ƙaryata rahoton.

Ranar 1 ga Nuwamba, 2024, aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bisa tuhume-tuhumen da suka haɗa da cin amanar ƙasa. A cikinsu akwai yara 'yan ƙasa da shekara 18 waɗanda suka shafe kusan wata uku a tsare, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu. An sa belin naira miliyan 10 a kan kowane mutum. Bayan suka ta yi yawa daga ciki da wajen ƙasa, Tinubu ya ba da umarnin a saki yaran ranar 4 ga Nuwamba, aka janye tuhumar.

Dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas

Ranar 18 ga Maris, 2025, Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas. Ya dakatar da Gwamna Siminalayi Fubara, da mataimakiyarsa Ngozi Odu, da dukan 'yan majalisar dokokin jihar na wata shida, ya naɗa tsohon hafsan sojin ruwa Ibok-Ete Ibas a matsayin kantoma. Dalilin da ya bayar shi ne rikicin da ya daɗe tsakanin gwamnan da 'yan majalisar da ke biyayya ga Nyesom Wike, ministan Abuja, da kuma fasa bututun mai.

Gwamnati ta dogara da sashe na 305 na tsarin mulkin 1999. Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ta ce sashen bai ba shugaban ƙasa ikon dakatar da zaɓaɓɓen gwamna ba, domin hanyar tsige gwamna tana sashe na 188, kuma aikin majalisar jiha ne. Wani batun shi ne tsarin mulki ya buƙaci amincewar kashi biyu bisa uku na kowace majalisar tarayya, amma majalisun biyu sun amince ranar 20 ga Maris ta hanyar ƙuri'ar murya, ba tare da an ƙirga kawuna ba. Gwamnonin PDP sun garzaya Kotun Ƙoli.

Irin wannan ya taɓa faruwa. Olusegun Obasanjo ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye na Filato a 2004, ya kuma sa dokar ta-ɓaci a Ekiti a 2006. Goodluck Jonathan kuwa ya sa dokar a Borno, Yobe da Adamawa a 2013 ba tare da ya taɓa gwamnoni ba. Dokar Ribas ta ƙare a wa'adinta, aka mayar da Fubara kujerarsa daga 18 ga Satumba, 2025.

Majalisar tarayya da 'yan jarida

Masu suka suna kiran majalisa ta goma, wadda Godswill Akpabio da Tajudeen Abbas ke jagoranta, 'yar amshin shata. Suna ba da misali da dawo da tsohon taken ƙasa a Mayu 2024, dokar da majalisun biyu suka kammala cikin 'yan kwanaki. A Maris 2024 Majalisar Dattawa ta dakatar da Sanata Abdul Ningi na Bauci ta Tsakiya bayan ya yi zargin cushen sama da naira tiriliyan 3 a kasafin kuɗi, a wata hira da sashen Hausa na BBC. Ranar 6 ga Maris, 2025, ta dakatar da Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ta Kogi ta Tsakiya na wata shida. Sanatar ta zargi Akpabio da neman ta da lalata, shi kuma ya musanta, majalisa ta ce karya dokokin zaure ne ya jawo hukuncin. A watan Yuli Babbar Kotun Tarayya ta ce dakatarwar ta wuce kima, domin ta hana mazaɓa wakilci.

A gefe guda, dokokin gyaran haraji sun nuna majalisa da gwamnoni na iya tursasa gwamnati ta sassauta. Gwamnonin Arewa sun ƙi tsarin rabon harajin VAT da aka gabatar a Oktoba 2024, aka yi wa ƙudirorin gyara kafin Tinubu ya sa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025.

Ƙungiyoyin kare 'yan jarida sun koka kan kame da ake yi, musamman da dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka gyara sashenta na 24 a Fabrairu 2024. A Maris 2024 jami'an leƙen asirin soja sun tsare Segun Olatunji, editan jaridar FirstNews, na mako biyu. A Mayu kuma 'yan sanda suka tsare Daniel Ojukwu na kafar bincike ta FIJ fiye da mako guda.

Sauya sheƙa da fargabar jam'iyya ɗaya

A 2025 gwamnonin PDP da dama sun koma APC, ciki har da Sheriff Oborevwori na Delta a Afrilu, Umo Eno na Akwa Ibom a Yuni, Peter Mbah na Inugu a Oktoba, da Douye Diri na Bayelsa a Nuwamba. Ifeanyi Okowa, wanda ya yi wa Atiku takarar mataimaki, shi ma ya bi. Sashe na 68 na tsarin mulki ya ce ɗan majalisar tarayya da ya bar jam'iyyar da aka zaɓe shi a cikinta zai rasa kujerarsa, sai idan jam'iyyar ta dare, amma da wuya a aiwatar da shi.

'Yan adawa suna zargin ana amfani da matsin lamba da hukumomin yaƙi da cin hanci wajen jawo mutane. APC ta ce rikicin cikin gida na PDP da LP ne ke korar 'ya'yansu. A jawabinsa ga majalisa ranar 12 ga Yuni, 2025, Tinubu ya ce ba shi da niyyar mayar da ƙasar ta jam'iyya ɗaya. Ranar 2 ga Yuli, haɗakar 'yan adawa da ta ƙunshi Atiku, Obi, Nasir El-Rufa'i da Rotimi Amaechi ta ɗauki jam'iyyar ADC, tare da David Mark a matsayin shugaban riƙo.

Ƙananan hukumomi

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni-Janar Lateef Fagbemi ya shigar kan jihohi 36. Ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya, ta kuma haramta naɗa kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓun shugabanni. Magoya bayan gwamnati suna ɗaukar wannan a matsayin babbar hujjarsu. Sai dai aiwatar da biyan kai tsaye ya yi ta jan ƙafa, kuma hukumomin zaɓe na jihohi, waɗanda gwamnoni ke naɗawa, su ne ke shirya zaɓen. A mafi yawan jihohi jam'iyyar gwamna ce ke kwashe kujeru duka. A Kano, misali, NNPP ta lashe ƙananan hukumomi 44 a Oktoba 2024.

A Jihar Katsina

Katsina ta nuna fuskoki biyu na muhawarar. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, duk da cewa jihar shugaba mai barin gado Muhammadu Buhari ce, Atiku ne ya zo na ɗaya da ƙuri'u 489,045, Tinubu ya sami 482,283. Bayan mako uku Dikko Umaru Raɗɗa na APC ya ci zaɓen gwamna. Amma a zaɓen ƙananan hukumomi na 15 ga Fabrairu, 2025, hukumar zaɓen jihar ta ce APC ta lashe shugabanni 34 da kansiloli 361, wato ba kujera ko ɗaya da ta kuɓuce mata.

Dutsin-Ma da Kurfi, waɗanda suke mazaɓa ɗaya a Majalisar Wakilai a shiyyar Katsina ta Tsakiya, suna cikin yankunan da tsadar rayuwa ta haɗu da matsalar 'yan bindiga. A Oktoba 2023 an sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Da zanga-zangar Agusta 2024 ta rikiɗe, muƙaddashin gwamna Faruk Lawal Joɓe ya sa dokar hana fita ta awa 24 a Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma, ta awa 12 kuma a sauran jihar. A 2025 wasu ƙananan hukumomin yankin, ciki har da Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa da Kurfi, sun ƙulla sulhu da 'yan bindiga, abin da ya jawo cece-kuce kan iyakar ikon gwamnati a karkara.

Hukumar zaɓe da 2027

A Oktoba 2025 Farfesa Joash Amupitan ya gaji Mahmood Yakubu a shugabancin INEC. Shugaban ƙasa ne ke zaɓo shugaban hukumar, Majalisar Dattawa ta tabbatar. An daɗe ana sukar wannan tsari. Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya amince cewa zaɓen 2007 da ya kawo shi mulki yana da kurakurai, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais. A rahotonsa na Disamba 2008 kwamitin ya ba da shawarar a sa Majalisar Ƙoli ta Alƙalai ta riƙa tantance masu neman muƙamin, amma ba a ɗauki shawarar ba. Ƙungiyoyin farar hula sun ci gaba da neman a sake duba ta, a kuma wajabta aika sakamako ta intanet daga rumfunan zaɓe, gabanin babban zaɓen 2027.